Yadda Na Raka Mama Halina Sansanin da Aka Tsare Ta

Tun da na dawo daga Poland ban huta da tambaya ba. A masallacin Juma'a, a wurin shan shayin karak, har a layin motocin da muke jiran 'yan kallon ƙwallo a filin wasa na Al Thumama, kowa sai ya ce, "Bashir, wai me ka gano a can?" In na fara bayani sai fasinja ya fito ko a kira salla, labarin ya tsaya a rabi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya tambaye ni in tura masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Funtuwa ne, direba a wani kamfanin gine-gine a nan Doha. Wanda nake tuƙawa wani injiniya ne ɗan Poland mai suna Marek, dattijo ne da ya haura sittin. Oga nake ce masa. A Al Aziziya yake zaune shi kaɗai, matarsa ta rasu tun kafin ya zo Qatar.

Asalin tafiyar nan tun lokacin korona ne. Wata safiya na je ɗaukarsa, na tsaya a ƙasa kamar kullum, bai sauko ba, mutumin da bai taɓa makara ba. Na kira wayarsa ba a ɗauka ba. Na sa mai gadi ya zo da makullin ajiya, muka tarar da shi a kwance a ƙasa tsakanin gado da banɗaki, numfashi na fita da ƙyar. Mai gadin ya ja da baya, kuma ban ga laifinsa ba, lokacin ko hannu ba a gaisawa. Na kira motar asibiti, na ɗaga shi na jingina shi a jikina har suka iso. Ni ma aka killace ni, cutar ta kama ni amma da sauƙi. Wayarsa kuwa a aljihuna ta zauna, don cikin ruɗewa na tura ta ban ma sani ba.

Washegari wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo. Na ɗauka, sai ga wata tsohuwa farin gashi fat tana kallona. Ta ce, "Marek?" Mahaifiyarsa ce. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Kalmar asibiti kaɗai ta gane. Daga ranar kullum da hantsi sai ta kira. Ni kuma kafin lokacin na riga na tambayi ofishinmu yadda ya kwana. In da sauƙi in ɗaga mata babban yatsa. Ranar da aka ce an sa masa injin numfashi ban ɗaga yatsa ba, na ɗaga hannuwana biyu alamar addu'a. Ta gane. Ta ɗauko carbinta mai gicciye ta nuna min. Haka muka yi sama da wata guda har Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Da aka buɗe hanyoyi sosai, kamfani ya ce duk mai hutu ya ɗauka yanzu, don in gasar ƙwallon cin kofin duniya ta fara babu mai motsawa. Sai Oga ya ce min a mota, "Mama ta ce in ba da kai zan zo ba, in yi zamana."

Na ɗauka wasa yake yi. Ashe har ya rubuta takardar gayyata. Na haɗa da takardar kafil, wato kamfanin da ya ɗauki nauyina, da shaidar rigakafi na kai ofishin biza. Abokin ɗakina Lawan, mai aikin gadi, ya ce in daina wahalar da kaina, ba a ba direba mai koren fasfo bizar Turai. Bayan mako uku aka kira ni in zo in karɓa. Lawan ya juya fasfon gaba da baya, ya ce, "Khalas, shi ke nan, ka zama Bature," sannan ya ara min rigar sanyinsa.

Tsarabata dabino ce, da turare, da ƙullin yaji, da kilishi mai kyau da wani ɗan'uwa ya kawo min daga gida, na hana kaina ci na ce na Mama ne. A filin jirgin Warsaw jami'in shige da fice ya daɗe yana duban fasfona. Ya tambaye ni wurin wa na zo, na ce wurin uwar ogana. Ya ce me zan yi mata, na ce gaishe ta zan yi. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce daga Doha har nan don gaisuwa? Na ce a garinmu ana yin fiye da haka. Ya yi ɗan murmushi ya buga hatimi. Inda aka samu matsala wurin kaya ne. Wata jami'a ta buɗe jakata ta shinshina kilishin, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi mata bayani busasshe ne, Oga ma ya sa baki, ta ce doka ce. Ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Da na san haka ne da a jirgi na cinye abina.

Daga nan muka hau jirgin ƙasa zuwa Krakow, garin da Mama take. Da na shiga na bi mutanen da ke kusa da kujerarmu ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya amsa, sai wata mata da ta ƙara rungume jakarta. Oga yana ta dariya a ciki, ya ce a nan wanda ya gaida baƙo ana zaton wani abu yake nema. Awa biyu da wani abu muna tafiya, ba mai magana, ba mai sayar da komai, ba mai kunna waya. Wani mutum ya shigo da kare ƙato kamar ɗan maraƙi, ya kwanta daidai ƙafata. Na naɗe ƙafafuwana har muka sauka, gwiwata sai da ta yi tsami.

Gidan Mama Halina ɗan ƙarami ne a hawa na farko na wani tsohon bene. Ta kusa casa'in, tana dogara sanda a cikin gida, in za ta fita sai a keken guragu. Da ta buɗe ƙofa na durƙusa har ƙasa don in gaishe ta, sai ta firgita, ta zaci faɗuwa na yi, ta hau kiran Marek ya zo ya tashe ni. Da ya yi mata bayani ta yi dariya har da hawaye. Ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga min babban yatsa. Ban san lokacin da idona ya cika ba.

Irin karɓar da ta yi min ban taɓa samunta a wajen gidanmu ba. Ɗakin Oga na yarinta ta ba ni, shi kuma ta tura shi kujerar falo. A bangon ɗakin na ga an manna wata 'yar takarda da alamar kibiya. Ashe ta sa maƙwabciyarta ta nemo mata inda Makka take. A kicin tukwane sababbi ne, ko takardar kantin ba a cire ba, saboda an gaya mata ba na cin naman alade, ta ce ba za ta dafa min abinci a tukunyar da ta taɓa shi ba. Suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu, sai dai su silifa suke ba baƙo, wadda aka ba ni kuma rabin ƙafata ta ɗauka.

Abincin farko wata miya ce ja wur, na rantse zoɓo ne aka ɗumama, ashe wani irin gwoza ne. Sai wani abu kamar samosa amma dafaffe, cike da dankali da cuku, da kifi. Yana da daɗi, amma babu ko ɗigon yaji. Na ciro ƙullina na barbaɗa. Mama ta miƙo cokali ta ɗanɗana, ta yi ta tari Oga na ba ta ruwa. Washegari ita ta fara tambayar ina jan garin nan. Abin da na lura da shi kuma, ba ta zubar da burodi. In an gama ci sai ta tattara ɓurɓushin da yatsa ta sa a baki, gutsuren da ya rage ta naɗe a ƙyalle.

A rana ta uku muna cin abincin rana ta yi wata magana, sai na ga Oga ya ajiye cokali. Suka yi ta musu da yarensu, shi yana ɗaga murya, ita ko kaɗan. Can ta buɗe aljihun tebur ta ciro takardu uku ta ajiye. Sai a lokacin ya juyo ya fassara min.

A zamanin yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu suka je ƙasar Bama, sojojin Jamus sun mamaye ƙasarsu. Tana 'yar shekara goma aka kwashe su daga Warsaw a taragon dabbobi, ita da mahaifiyarta, aka kai su sansanin Auschwitz. Aka raba su. Uwar aka wuce da ita aikin bauta wani wuri, ba ta dawo ba. Ita ta rayu har aka buɗe sansanin. Yanzu wurin gidan tarihi ne, daga Krakow tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, amma ba ta taɓa komawa ba, shi ma Oga bai taɓa zuwa ba. Takardun nan na shiga ne, tun wata guda da ya wuce ta sa aka yankar mata, ta ɓoye.

Oga ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba, kuma wurin ba a iya tura keke. Ta ce ya gaya min amsar da ta ba shi kalma da kalma, ya kuwa gaya min, fuskarsa a murtuke: "Kai ba za ka iya tura ni ba, huhunka bai koma daidai ba. Shi zai tura ni."

Da ta shiga ɗaki ta kwanta, ya ja ni baranda. Ya ce, "Bashir, ka ce mata ba za ka iya ba. Kai za ta ji maganarka. In wani abu ya same ta a can fa?"

Na dube shi. Ogana ne, a hannunsa nake cin abinci, kuma tsoronsa gaskiya ne. Na ce, "Oga, ka yi haƙuri. Duk abin da ka sa ni ina yi. Amma ba zan iya kallon idon tsohuwar nan in yi mata ƙarya ba. In mun je muka ga jikinta ya canza, ni da kaina zan juyo da ita."

Ya kalli titi, ya ce, "Ba ita kaɗai nake ji wa tsoro ba."

Da safe ya karɓo motar haya. Na nufi wurin direba, ya ce lasisina ba ya aiki a nan, in koma gefe. Ranar ce Oga ya fara tuƙa ni, kuma gaskiya hannunsa sai a hankali. Sau biyu ƙafata na neman birki a inda babu. Mama na baya da jakarta a cinya, ta sa rigarta ta zuwa coci.

Sansanin kashi biyu ne. Na farko gine-ginen jan bulo ne a jere, da itatuwa, in ba don wayar ƙaya da hasumiyoyin masu gadi ba sai ka ce tsohuwar makarantar kwana ce. A ƙofa ana caje mutum kamar a filin jirgi, a ba shi abin sawa a kunne don ya ji mai jagora. Mutane da yawa daga ƙasashe daban-daban, amma babu hayaniya. A saman ƙofar ƙarfe akwai rubutu da Jamusanci, wai aiki yana 'yanta mutum. Gine-ginen duk da matakala, sai Mama ta ce a ajiye ta a gindin wata bishiya. Ta ce min ta bakin Oga, "Kai ka shiga ka gani. Ni na riga na gani." Oga ya ce zai zauna da ita.

Na bi ayarin wata mai jagora, mace mai sanyin murya. Na yi zaton hotuna zan gani. Kayan mutane na gani. Wani ɗaki akwatuna ne jibge bayan gilashi, kowanne an rubuta suna da gari da farin fenti, daidai yadda muke rubuta sunanmu a jaka a filin jirgin Kano don kada ta ɓata. An ce musu ƙaura za su yi, su rubuta don su gane kayansu daga baya. Wani wurin tukwane ne da kwanoni da kofuna, kayan matan da suka yi tunanin in an isa za su ɗora girki. Sai takalma, tsibi guda har sama, ta hagu da ta dama. Akwai na yara, wani bai fi tsawon yatsana ba. A ɗakin da aka hana ɗaukar hoto kuwa gashin mata ne da aka aske. Mu da ko ɗankwalin mace ya zame sai mun kau da kai. Na sunkuyar da kaina na wuce, ban iya kallo na biyu ba.

Mai jagorar ta ce mafi yawan waɗanda aka kashe a nan Yahudawa ne, an kawo su daga ƙasashe da dama, akasarinsu daga sauka jirgi aka wuce da su ɗakin iskar guba, aka ƙone gawarwakin. Akwai kuma 'yan Poland da wasu ƙabilu. Tun da na dawo mutum biyu sun tambaye ni ko na san su wane ne aka kashe a wurin, da irin muryar da kuka sani. Na sani. Na kuma san abin da ke damun masu tambayar, ni ma ina kallon labarai. Amma mai wannan ɗan takalmin bai yi wa kowa komai ba, kuma ni ban samu wani wuri a zuciyata da zan ajiye shi daban da 'ya'yana ba.

Da na fito Mama ta kalli fuskata. Ta buɗe jaka ta ba ni alawa.

Kashi na biyu yana gaba kaɗan, nan aka tsare ta. Ban taɓa zaton girmansa ya kai haka ba. Layin dogo ya ratsa ta ƙarƙashin wata hasumiya ya shige ciki, hagu da dama fili ne iya ganinka, da ragowar bututun hayaƙi a tsaye inda ɗakunan katako suka rushe. An yi ruwa da asuba, hanyar tsakuwa ce da taɓo. Nan na gane abin da Oga yake nufi. Keken na karkarwa, Mama na riƙe da hannun kujera, ni ina turawa da ƙirji. Ba mu yi nisa ba ƙafar gaba ta nutse a taɓo. Na ja baya, na tura gaba, ta ƙi. Oga ya sunkuya zai ɗaga, tari ya sarƙe shi.

Sai ga wani mutum mai jiki, da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kai irin ta Yahudawa, ya baro mutanensa ya zo. Ya kama gaban keken, na kama baya, muka ɗauke ta cak har kan busasshen wuri. Wandonsa ya ɓaci har gwiwa. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ya tambaye ni daga ina, na ce Nijeriya, amma a Doha nake aiki. Ya ce na yi nisa. Na ce shi fa? Ya nuna can ƙarshen layin dogon inda itatuwa suke, ya ce dangin mahaifinsa duka suna can. Da Oga ya gaya masa ko wace ce Mama, sai ya sunkuya ya sumbaci hannunta, ya koma wurin mutanensa.

Muka shiga ɓangaren da ɗakunan bulo suke. Duk iri ɗaya ne, dogaye, gajeru, layi bayan layi. Mama ta ce wancan ne. Muka je, ta ce a'a. Ta nuna wani, shi ma ba shi ba. Sai na ga numfashinta ya canza, tana ta maimaita magana ɗaya. Oga ya ce cewa take yi ta manta, shekara da shekaru tana ganinsa a mafarki, yau ta zo ta manta. Ya ce, "Bashir, juya mu tafi."

Na yi alkawari, don haka na kama keken zan juya. Ta damƙe hannuna da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba. Na ce, "Oga, ba ni minti biyar." Na hango wata ma'aikaciyar wurin da kati a wuya, na ruga na same ta, na ce muna da tsohuwa da aka kawo daga Warsaw tana yarinya. Matar ba ta bari na gama ba ta biyo ni da sauri. Ta durƙusa a gaban keken, suka yi magana a hankali, ta riƙe hannun Mama har numfashinta ya daidaita. Sannan ta wuce gaba muka bi ta zuwa wani ɗaki a layin baya, inda aka tara yara.

Dokin ƙofar ya yi tsawo, keke ba ya shiga. Mama ta ce a tashe ta. Ta kama ni da dama, ta kama ɗanta da hagu, ta shiga da ƙafarta. Ciki duhu-duhu da sanyi, ƙasa ba siminti. Gadajen kamar kantar shago ne hawa uku, na katako da bulo, ta ce a kowane hawa yara da yawa ake cusawa. A bango akwai zanen yara da wani fursuna ya yi, har yanzu ana gani. Da ta ga zanen sai ta saki hannun Oga, ta ja ni kai tsaye zuwa wani lungu, ta dafa hawan ƙasa.

A nan ta ba da labarin da ko ɗanta bai taɓa ji ba. Yana fassara min yana tsayawa. Ta ce da sanyi ya shigo an sace mata takalmi, kuma yaron da ya kasa tsayuwa a layin ƙidaya an san ƙarshensa. Ƙafafunta suka kumbura. Wata fursuna Bayahudiya da ke kwashe bokitin ƙazanta ta gan ta. Matar ta yage ƙasan rigarta, rigar da ita ke nan gare ta, ta naɗe mata ƙafafu, washegari ta kawo mata wasu takalman katako da ba a san inda ta samo ba. Ba su jin yaren juna. Bayan 'yan kwanaki ba ta ƙara ganinta ba.

"Ban ce mata na gode ba," in ji Mama. "Yarinya ce ni, tsoro nake ji. Ko sunanta ban tambaya ba. Na yi aure, na haihu, na ga jikoki, duk a kan ƙafafun nan."

Sai ta juya ta fuskanci gadon, ta faɗi kalmar godiya da yarensu, wadda ita kaɗai na iya a lokacin. Ta faɗa sau uku, a hankali, kamar mai magana da wanda ke zaune a gabanta. Oga ya juya mana baya ya dafa bango, kafaɗunsa na girgiza. Ma'aikaciyar ta fita waje ta ba mu wuri.

Can Mama ta taɓa ni, ta ɗaga hannuwanta biyu yadda na taɓa yi mata a waya. Ni ba malami ba ne, ban san me ya dace a karanta a irin wannan wuri ba. Na ɗaga hannu na roƙi Allah da Hausa. Na ce Ya Allah Kai Ka san sunan matar nan, Ka san abin da ta yi. Ka tsare raunana daga hannun azzalumai a ko'ina suke. Kada Ka sa mu cikin masu yi, kada Ka sa mu cikin masu gani su yi shiru. Na shafa. Mama ta ce amin, ashe su ma haka suke cewa.

A hanyar dawowa barci ta yi har da minshari. Muka tsaya a wani gidan mai na yi sallolina a kan ciyawa a bayan mota, Oga na tsaye yana gadina kamar wani zai sace ni. Da na sallame ya ce, "Da ka bi maganata da na cuce ta." Na ce Allah ne Ya nufa. Da yamma ta ci abinci fiye da kullum, ta sa aka kira jikokinta a waya ta ba su labarin taɓo da yadda aka ɗauke ta sama kamar sarauniya.

Na ƙara kwana huɗu. Sun kai ni tsohuwar kasuwar garin, na sayo wa matata mayafi mai furanni. Ranar tafiya Mama ta cika min jaka da kwalaben zuma da safa masu kauri da ta saƙa, na rasa yadda zan gaya mata a Doha ba a sa safar ulu. Na bar mata sauran yajin. A bakin ƙofa na sake durƙusawa, wannan karon ba ta firgita ba, ta ɗora hannu a kaina ta daɗe tana magana. Oga bai fassara ba, ni ma ban tambaya ba.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na je ne a matsayin wanda za a yi wa godiya, ga shi na dawo ni ne nake jin an yi min alheri. Ban taɓa zaton direba daga Funtuwa zai tsaya a wannan ɗaki ba, balle a ce hannunsa aka riƙe.

Makon jiya ƙasarsu ta buga wasa. Ni ina wajen filin a cikin mota ina jiran baƙin kamfani, ko ƙyallin ciyawar ban gani ba. Washegari Oga ya shigo mota yana dariya. Ya ce Mama, wadda ba ta taɓa kallon ƙwallo ba, ta zauna gaban talabijin tun daga farko har ƙarshe, ba 'yan wasa take kallo ba, 'yan kallo take bi ɗaya bayan ɗaya. Ta kira shi ta ce ta gan ni, ina sanye da farar riga, har na ɗaga mata hannu.

Ya ce, "In gaya mata kana wurin ajiye motoci?"

Na ce, "A'a, Oga. Bar ta haka. Ka dai ce ina gaishe ta."